Darbejiyar Inna da Allunan Baba

Ban san wanda ya kai mahaifina gina gidaje a Khartum ba, amma har na gama sakandare a ɗakin haya muke kwana. Gidajensa duka a kan kwano suke, da fenti. Marubucin allo ne, yana da rumfa a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, tsakanin wani mai walda da wani mai gyaran radiyeta, kowa yana kiransa Usta, wato gwanin sana'a. Asalin aikinsa rubuta sunayen kantuna da yi wa bayan motocin haya ado da addu'o'i. Da sojoji suka karɓi mulki, gari ya shiga kumbura, mutane suna kwararowa daga ko'ina, masu yanka fili suna sayarwa suka yi yawa. A nan aikin da ya fi so a rayuwarsa ya same shi, wato zana unguwannin da ba a gina ba tukuna.

Mutum zai zo masa da takardar injiniya, layuka ne kawai da lambobi, ya ce a mayar masa da ita allo mai faɗin bango. Baba ya karɓa, ya dube ta kamar mai duba mara lafiya, sannan ya ɗauki buroshi. Kafin sati ya zagayo layukan nan sun zama tituna masu kwalta, kowane gida da farar mota a ƙofarsa, ga ciyawa shar, ga ruwa yana tsiri a tsakiyar dandali, ga tsuntsaye a sama waɗanda ba wanda ya ce ya saka. A ƙasa kuma ya rubuta abin da aka ba shi da kyakkyawan rubutunsa: minti goma daga sabon filin jirgin sama, daf da gadar da za a gina, ruwa da lantarki suna hanya. Sai a ɗauki allon a kafa a bakin titin da ya fita gari. Idan ka leƙa bayansa, yashi ne da awaki, da ledoji da suka maƙale a ƙaya. Na taɓa tambayarsa ko ba ƙarya yake taya mutane yi ba. Ya yi fushi, ya ce shi niyya yake zanawa, cikawa kuwa ta Allah ce da masu siminti.

Yana da ɗabi'u biyu a aikinsa da ba ya sauyawa. Masallaci kullum a saman allo yake sa shi, ko a ina injiniya ya ajiye shi, domin a wurin Baba saman kowace takarda gabas ne, alƙibla, kuma ba a sa ɗakin Allah a ƙarƙashin gidajen mutane. Sai kuma 'yar kibiyar nan da injiniyoyi ke zanawa a kusurwar takarda don nuna arewa. Ita ba ya kwafarta ko kaɗan. Ya ce kama take da ƙayar kifi, tana ɓata hoto, kuma bai taɓa ganin wanda ya sayi fili saboda kibiya ba.

Inna kuwa ba ruwanta da alluna. A Jazira aka haife ta, a kambo, ƙauyen 'yan ƙwadagon auduga da ake yi a gefen gonakin mutane. Kakanta ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Jazira ya nemi guzuri, tsayawar da ta kai har jikokinsa. A kambo, in ji ta, kana iya haihuwa, ka yi aure, ka binne iyayenka, amma ba ka shuka bishiya, domin bishiya shaidar mallaka ce, mai gona kuwa ba ya son shaida. Tana ƙarama ta binne ƙwallon mangwaro a bayan bukkarsu, ya fito har ya kai mata gwiwa, mai gonar ya zo wucewa ya tuge shi, bai ma tsaya da hirar da yake yi ba. Ta ba mu wannan labari ya fi a ƙirga, kuma kullum a gwiwarta take nuna tsawonsa.

Da aka kawo ta birni ma ba ta tsira ba. Gidan haya na farko, ɗan mai gida zai yi aure, aka ce mu tashi. Na biyu aka sayar. Daga nan muka zauna a wata unguwa ta gefen gari da mutane suka gina ba tsari, sai ga motar rusau wata safiya. Kalmar tashi ta zame mata abin ƙi, har ko mu ba ta tashinmu daga barci da ita, sai dai ta ce gari ya waye. Burinta a duniya ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi: ta zauna a inuwar bishiyar da ta shuka da hannunta, a wurin da ba mai cewa ta tashi.

Baba ya cika takardun neman fili a tsarin rabon filaye na hukuma tun ina firamare. Ana ba mutum maki ne bisa aure da yawan 'ya'ya da daɗewarsa a gari, har Inna takan tsokane shi cewa ƙanina na ƙarshe saboda maki aka haife shi. Shekaru suka wuce, muka manta. Sai wata rana ya shigo da takarda a hannu, hularsa a karkace, ya ce ƙuri'a ta faɗo mana. Filin yana can arewacin Umdurman, a Alsawra, inda unguwanni ba su da suna sai lamba, kowace ana ce mata hara ta kaza. Lokacin da Inna ta zo birni mutum yana iya lissafa harorin nan a zaune bai gaji ba. Tamu lambarta ta yi nisan da idan ka faɗa wa kwandasta sai ya yi dariya, ya ce mu tambayi raƙuma.

An sa ranar da ma'aunin fili zai fita ya nuna wa kowa nasa. Baba bai je ba. Yana da allo a hannu da za a karɓa ranar, kuma da Inna ta matsa masa sai ya ce shi da ya zana birane, wani yaro da igiyar awo ne zai nuna masa fili ɗaya? Ya karɓo kuroki, ƙaramar taswirar filin, ya ninke ya sa a cikin jakar Alƙur'aninsa, inda ba mai taɓawa sai shi.

Juma'ar farko muka tafi mu uku, ni da su. Muka shiga hafila, ƙaramar bas ta haya, har tashar ƙarshe, sannan muka taka a ƙasa har inda gine-gine suka ƙare, suka bar mu da sarari da rana. Alamar da ke wurin kawai ganguna huɗu ne cike da siminti, an kafa su a kusurwoyin dandalin da za a bari a tsakiyar unguwa. Turakun ƙarfe da aka buga wa filaye, masu jari-bola sun riga sun kwashe. Baba ya tsaya a tsakiyar dandalin ya fuskanci gabas, ya buɗe takarda ya yi bismillah. Filinmu yana saman dandalin a takarda, na uku daga kusurwa. Ya miƙe gabansa, ya auna da taku, ya ƙirga uku, ya dangwala sandarsa a ƙasa ya ce ga gida.

Inna ta durƙusa ta ɗebi yashin ta shinshina, kamar yadda take yi wa garin dawa a kasuwa. Ta kwance zanin da ta ƙunso wani gwangwanin madara a ciki, ashe dashen darbejiya ne, wadda a nan ake ce wa nim, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Ashe ta yi watanni tana renonsa a bayan randa ba mu lura ba. Ta zaɓi wuri kamar taku biyu daga bakin filin ta wajen dandali, ta ce nan ƙofar gida za ta kasance, ta haƙa da hannu. Baba ya kewaye shi da ƙaya da wani guntun kwano mai hoton rabin mota.

Ƙarfin gini bai zo ba a wannan shekara, bai zo ba a ta gaba. Amma bishiya ba ta jiran siminti. Kowace Juma'a da safe muna cika jarkoki biyu da ruwa, ni ɗaya Inna ɗaya, mu kama hanya. Shekarun wahalar mai ne, wani lokaci sai mu yi awa a tasha kafin mota ta zo, idan ta zo kuma a yi ta kokawa, ga kwandasta yana mita wai jarka ta cinye wurin mutum. Ni dai na tsani wannan tafiya, ba zan yi ƙarya ba. Ƙawayena suna zuwa bakin Nilu shan iska, ni ina saɓe da jarka a cikin hamada, mayafina ya jiƙe, kafaɗata tana zogi. Na sha gaya wa Inna cewa aikin baban giwa muke yi, akuya ɗaya ta ishi wannan abin. Sai ta ce in taka a hankali kada in zubar.

Idan mun isa, ita ke zubawa, kaɗan-kaɗan, tana jira ƙasa ta shanye. Tana yi wa bishiyar magana da Hausa, wai ba ta jin Larabci. Mu yaran gida mun riga mun saba cakuɗa harsunan biyu, ƙannena ma da Larabci suke amsa mata, don haka ina jin darbejiyar nan ce kaɗai ke sauraron Hausarta tsantsa ba ta katse ta ba. Tana ba ta labarin tsadar sukari, da ciwon bayan Baba, da taurin kaina. Bishiyar kuwa ta kama. Ta wuce gwiwa, ta wuce ƙugu, ranar da ta wuce kan Inna sai da ta soya mana wainar gero ta raba wa maƙwabta ba ta faɗi dalili ba. Sannu a hankali wasu suka fara gini jefi-jefi a harar, masu amalanken jaki suka fara kawo ruwa, jarka ta ragu zuwa ɗaya. Masu neman filayensu har kwatance suke yi da ita, su ce daga bishiyar Hajja ka yi dama.

A shekara ta huɗu ina makarantar horon malamai. Kurokin Baba ya fara yagewa a wuraren ninki, ya ba ni ya ce in je kasuwa a yi masa kwafi, kuma kada in bari kowa ya taɓa da hannu mai maiƙo. Ranar ce na fara riƙe takardar. Ina tsaye a shagon ina jiran layi na buɗe ta, idona ya faɗa kan 'yar kibiyar nan a kusurwa, tana nuna saman takarda, da harafin arewa a kanta. Satin nan kuwa muna koyon yadda ake koya wa yara karanta taswira. Na tuna Baba a tsakiyar dandali, fuskarsa a gabas, takarda a miƙe gabansa. Filinmu yana arewa da dandali. Mu kuwa shekara huɗu muna shayar da gabas.

Na so in faɗa, Allah ya sani. Na shirya maganar a hafila, na shirya ta a bakin ƙofa. Da na shiga sai na tarar da Baba yana wanke buroshi yana waƙa, Inna tana tambayarsa ko rassan da suka yi ƙasa a sare su ko a bari. Na miƙa masa takardunsa, ya mayar da su jaka. Na ce gobe. Goben nan ta kusa shekara. Tsoro ne, ba wani abu ba: tsoron kunyar da Baba zai ji, da tsoron fuskar Inna. Na riƙa yi wa kaina ƙarya cewa wataƙila mai filin ya mutu ko ya manta. Abin da na iya yi kawai shi ne na daina mita. Ni ke fara cika jarka tun kafin ta idar da sallar asuba, ni ke ɗauka har can. Inna ta gaya wa bishiyar, a gabana, cewa yarinya ta yi hankali.

Wata Juma'a muka je har da Baba, sai muka hango mota a tsaye, da wasu mutane biyu zaune a inuwar darbejiyar suna shan shayi. Ɗaya dattijo ne da farar jallabiya da rawani, ɗayan matashi da igiyar awo a wuya. An zuba farar ƙasa an ja layuka a yashi, ɗaya daga ciki ya wuce daidai ta gindin bishiyar. Baba ya ƙarasa da fara'arsa ta mai gida, ya yi musu maraba, ya ce su zauna su huta, inuwa ta kowa ce. Dattijon ya miƙe shi ma da fara'ar mai gida, ya ce su ne da maraba, a zuba wa baƙi shayi. Sun ɗauki lokaci kowa yana karrama ɗan'uwansa a fili ɗaya. Ni ina gefe da jarka, na san abin da ke tafe, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon malamin makaranta ne, ya yi shekaru yana koyarwa a ƙasar waje, yanzu ya dawo zai yi gini. Ya ce tun da ya zo yake tambaya wane bawan Allah ne ya shuka masa bishiya. Baba ya yi dariya, ya ce Ustaz ya yi ɓatan kai, ya ciro kurokinsa ya fuskanci gabas ya fara bayani. Matashin mai awo ya saurara har ƙarshe, da ladabi. Sannan ya sa hannu ya juya takardar a hannun Baba, juyi ɗaya zuwa hagu, ya ɗora yatsa a kusurwa.

"Ya Usta, malesh, yi haƙuri," in ji shi. "Wannan kibiya ba ado ba ce. Naku yana can."

Muka bi yatsansa da kallo. Can ƙetaren dandali, wani fili ne fayau, ko ciyawa babu sai wani mataccen takalmi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Baba ya daɗe yana kallon kibiyar nan, kamar yau ya fara ganin irinta.

Da ya samu bakin magana sai ya roƙi a yi musaya, tunda filayen girmansu ɗaya. Ustaz ya ce da zai iya da ya yi, amma filin da ke manne da wannan na ƙaninsa ne, sun shirya za su buɗe ƙofa a tsakani saboda tsohuwarsu ta riƙa shiga nan da can. Ba wanda zai ce wannan ba hujja ba ce. Bishiyar kuma ta wuce a cire ta a dasa, kuma a taswirar gininsa nan ne ɗakin baƙi zai zauna. Sai Inna ta matso. Ta karɓi jarkar daga hannuna, ta durƙusa ta zuba ruwan kaɗan-kaɗan yadda ta saba, har ya ƙare. Sannan ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ya Ustaz, ƙasa taka ce," ta ce masa. "Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da za a sare ta, kada ta zama Juma'a."

Gidanmu ya yi shiru kwana da kwanaki. Baba bai je rumfa ba, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Mutum ne mai son a yabe shi, kuma yanzu ya san labarin zai kai Mantiƙa kafin shi. Ni na ɗauka Inna za ta yi masa faɗa, har ina so ta yi, ko na samu sauƙin nawa laifin. A rana ta huɗu ta ajiye masa shayi, ta zauna a gefen gadon, ta ce, "Malam, kakana Makka ya nufa ya ƙare a Jazira. Kai arewa ka nufa ka ƙare a gabas, kuma kana hango wurin. A danginmu kai ne ka fi kowa kusa." Ya yi wata dariya da ta koma tari, ya share ido da hannun riga, ya sha shayin. Ita kuwa na ga jarkokin nan ta kife su a bayan ɗaki, Juma'a ta zo ta wuce ba ta dube su ba.

Kunya ta yi abin da shekaru biyar ba su yi ba. Baba ya rantse sai ya tsayar da ɗaki a filin gaskiya kafin damina, ko da na laka ne. Ya kira gayya, mai walda da mai radiyeta da sauran abokansa na Mantiƙa suka amsa, bayan sun gama tsokanarsa son ransu. Wani ma ya kawo masa kamfas a matsayin gudummawa. Kusan wata biyu bayan abin ya faru muka koma, mata da tukwane, maza da shebur. Inna ta zagaya ta bayan gidaje don kada ta bi ta dandali, ta zauna ta ba gabas baya tana hura wuta. Ni ce na kasa haƙuri na waiga.

An riga an tayar da katangar Ustaz, jan bulo, miƙaƙƙiya tun daga kusurwa. Da ta zo daidai bishiyar sai ta lanƙwasa ciki, ta zagaye ta, ta fito ta ci gaba da tafiyarta. Darbejiyar tana tsaye a waje, a cikin lungun da aka bar mata, ganyenta ya ɗan yi ƙura amma lafiya lau. Na ce, "Inna, juyo." Ta ce ba ta so. Na kama kafaɗunta na juya ta da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba.

Ustaz ya hango mu ya ƙetaro dandali da sandarsa. Ya gaisa da maza, sannan ya zo ya tsaya nesa kaɗan da murhu. Ya ce injiniyansa ya yi fushi, ƙaninsa ya ce ya zautu, ɗakin baƙi ya ragu har sai an cire kujera ɗaya. A garin da 'yan'uwan juna ke shari'a a kan kamu ɗaya na ƙasa, ba ƙaramin abu ya yi ba, amma yana faɗa kamar mai ba da labarin farashin tumatir.

"Na yi ta tunani, ya Hajja," ya ce. "Bishiyar ba tawa ba ce, ƙasar ba taki ba ce. Sai na bar wa hanya su biyun."

Inna ta tashi ta ƙetare dandalin, mu muna biye. Ta zagaya gindin, ta shafa ɓawon, ta auna tsakaninsa da bulo da tafin hannunta. Ina jira in ji godiya da addu'a. Sai ta ce masa ya matse ta da yawa, nan da shekara biyar saiwa za ta fasa masa katanga, kada ya zo ya ce ba a gaya masa ba. Ya ce ya ji. Ta tambaye shi wa ke ba ta ruwa tun da ta daina zuwa. Ya ce magina suna ɗan watsa mata, amma yana ganin ba ta son hannunsu. A nan ne ta ja mayafi ta rufe fuskarta, muka ba ta wuri.

Mun tare kafin damina. Ɗaki biyu na laka, da rumfa. A lokacin nan sana'ar Baba ta fara ja da baya, domin injin buga hoto a kan leda ya shigo gari, kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar, allunan suka koma manya-manya masu ƙyalli. Ya taɓa ɗaukata musamman zuwa Mugran, inda Nilu biyu suke haɗuwa, don mu ga hoton dogayen benayen gilashi da aka ce za su cika wurin. Ya tsaya ya ƙare masa kallo, hannu a baya, ya ce ko tsuntsu ɗaya ba su saka ba, wa zai zauna a nan? Yawancinsu kuwa ba su tashi ba, kamar nasa. Tsofaffin allunansa da masu su suka watsar, ya bi ya kwaso, da su aka yi mana ƙyaure da rufin rumfa da katangar bayan gida. Ƙofar gidanmu rabin tafkin wanka ce da bishiyar dabino. Wanda ya shiga bayan gidanmu kuwa, idan ya tsuguna, zai karanta cewa saura minti goma ya isa sabon filin jirgin sama. Ruwan famfo ya zo mana daga baya, lantarki ya zo, kwalta ta iso har tasha, aka yanka wasu harori a bayanmu har muka zama 'yan cikin gari. Filin jirgin ne dai har na bar gidan ba a sauka a cikinsa ba.

Inna ta shuka lemun tsami a tsakar gida, ya yi kyau, amma ba a nan take zama ba. Da ta gama aikin safe sai ta ɗauki 'yar kujerarta ta saƙa, ta ƙetare dandali. Ustaz ya kafa randuna biyu a lungun don masu wucewa, matan unguwa suka mayar da wurin majalisa, tsohuwarsa ma a nan take yini. Na ce wa Inna, shekara nawa kina neman gidan kanki, kin samu, kin koma zaman titi? Ta ce a gida Malam yana iya cewa ta tashi zai shimfiɗa darduma. A can kuwa wa yake da bakin cewa?

Sai da na yi aure na haihu sannan na iya gaya mata. Muna zaune a gindin bishiyar da hantsi, ita tana tsince wake, ƙafafunta sun fara kumburin da ya zama ajalinta. Saiwa ta riga ta tsaga katangar Ustaz, ya liƙe, ta sake tsagawa. Na ce mata na ga kibiyar nan tun kafin ranar, na sani, na yi shiru. Ta tambaye ni tsawon wane lokaci. Na ce kusan shekara. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Shekarar da kika daina mita ke nan," ta ce. "Na yi mamaki." Ta watsar da tsakuwa. "Da kin faɗa, da na daina kai ruwa a ranar. Na gama shayar da gonar wani tun a Jazira. Kuma shekarar ce aka yi zafin nan, da ba ta kai damina ba." Ta ɗaga kai ta dubi rassan. "Kada dai ki gaya wa babanki. Bar shi da laifinsa, ya saba da shi."

Ban gaya masa ba. Da ta rasu, gidanmu ya yi wa masu ta'aziyya kaɗan, Ustaz da kansa ya sa aka ɗaure igiyoyin rumfar makoki a jikin darbejiyar, inuwarta ta rufe abin da tamfol bai rufe ba. A nan Baba ya zauna kwana uku, bayansa a jingine da gindinta, yana karɓar gaisuwa. Bayan an watse, Juma'ar farko, na gan shi ya kwaso jarka ɗaya daga bayan ɗaki, ya cika a famfo, ya ƙetare dandali yana ɗingishi. Ya durƙusa yana zubawa kaɗan-kaɗan, bakinsa yana motsi, da Hausa. Saiwarta ta daɗe da kai wa ruwan ƙasa, duk unguwa an san ba ta buƙatar jarkar kowa, amma ba wanda ya gaya masa.